Yayen Halifa Na Biyu

Lokacin zafi ne, irin zafin garin nan da ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya jawo ruwan la'asar a bayansa. Ka shanya kaya da safe, su bushe da azahar, kafin ka sauke tukunya sama ta sake jiƙa maka su. Shekarar kuma ta shigo da wani irin sanyin jiki. Mutane sun fara rufe hanci a jirgin ƙasa, ana ta maganar wata cuta da ta ɓullo, amma mu a unguwar Cheras, nan ƙasar waje, ba mu ɗauka za ta iya hawo benenmu ba. A cikin wannan zafin Rukayya ta kawo mini ɗanta Halifa yaye.

Kafin in ba ku labarinsa, bari in gaya muku sana'ata, don na ji abin da kuke faɗi, ku 'yan matan unguwar Bukit Jalil masu ɗan fari a hannu. Wai mene ne abin wuya a yaye? Wai ai sai a haɗa wa yaro madarar gwangwani, a kunna masa wasan yara a waya, shi ke nan an gama. Na ji ku, ban ce komai ba, na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Yau dai zan ce.

A gida idan yaro ya isa yaye ba uwarsa ke yi ba. Ɗaukarsa ake yi a kai shi ɗakin kaka, ya yi kukansa a can, ya ƙoshi da kunu a can, ya dawo ya manta da nono. To a nan ina kakar? Tana Kano, tana Gusau, tana jiran a turo mata hoto. Ni kuwa maigidana Malam na biyo garin nan lokacin da aka turo shi karatu, daga baya ya samu koyarwa muka zauna. Na girmi duk matan ɗaliban da na tarar, 'ya'yana kuma sun riga sun tasa. Wata rana wata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, yaro a kafaɗa, idonta jawur, ta ce, "Yaya Hajara, don Allah ki zama kakarsa ta mako guda." Tun daga ranar na tashi daga Yaya na koma Kaka, ko furfura ɗaya ban yi ba. Kaka Cheras suke ce mini. Malam kuma ya ce kakar haya, kamar yadda ake hayar kujeru a gidan biki.

Aikin ba a nan na koya ba. Goggo Dije, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni, kuma duk yaron da za a yaye a danginmu ɗakinta ake kawowa. Ni ce mai dama kunu, ni ce mai karɓar goyo idan bayanta ya gaji. Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga yadda ake yi ba. In na yi daidai ta yi shiru, in na yi kuskure ta ce, "Hajara, kanki ƙalau?" Da wannan tambayar na sauke karatun duka. Abu ɗaya ta taɓa faɗa mini ɓaro-ɓaro, shi ne yaye mutum biyu ake yi wa, yaron da uwarsa, kuma uwar ta fi taurin kai. Yaro zai sha kunu ya yi barci. Uwar ce za ka gani da hantsi ta zo aron rariya, alhali rariyarta uku a gida, tana magana da kai idonta na cikin ɗaki.

Maganin uwa kuwa bai canja ba har yau. Ta ɗaure ƙirji tamau da zani, ta samar wa hannunta aiki, kada ta kusanci gidan. A nan sai na ƙara da waya, domin in yaro ya ji muryar uwarsa aikin ya koma farko. Nakan sa miji ya karɓe wayar ya ɓoye. Kada ku ce wannan ya yi tsauri. Akwai wadda ta taɓa aron wayar maƙwabciya ta yi odar abinci zuwa gidana, don kawai ta tambayi mai babur ko ya ji kukan yaro da aka buɗe ƙofa. Mu dai muka ci kazar, muka yi mata addu'a.

Kayan aikina ba su cika kwando ba. Na farko zanin goyo, tsohuwar atamfa ce da ta koɗe har ba a gane zanenta, kuma ba na wanke ta da sabulu mai ƙamshi, saboda yaro da hanci yake gane gida kafin ido. Sai majanyi, sai ɗan kofin silba mai hannu, sai ƙaramin ludayi. Gyaɗa da shinkafa da tsamiya duk ana samu a kasuwarmu ta Cheras, gero ne sai an roƙi mai zuwa daga gida. Na ƙarshe shi ne abin ɗaci. Goggo garafuni take dakawa. A nan akwai wani da suke kira peria, ɗan'uwan garafuni ne amma shi ya samu gidan ƙoshi, ya yi ƙiba. Sai in daka in tace, uwa ta shafa a nono, a ba yaro nonon sallama. Yana ɗanɗanawa zai yamutsa fuska, ya dubi uwar kamar ta ci amanarsa, ya juyo wajena. A nan aikina yake farawa.

Ranar da aka kawo Halifa na daka peria mai kyau, wadda ni kaina da na taɓa a harshe sai da na nemi ruwa. Rukayya ta shafa, ta miƙa masa. Ya kama, ya tsaya, ya ɗaga ido sama kamar mai tuna wani abu, ya lashe leɓe, ya koma ya ci gaba. Muka ƙara. Ya shanye. Sai da ya ƙoshi don kansa ya sauka ya yi gyatsa. Malam da ke wucewa ya ce, "Wannan ba yaro ba ne, dattijo ne aka maido."

Rukayya kwanika ta yi, wato ciki ya shiga tana shayarwa, ga laulayi ya kwantar da ita. Baban Halifa kuma ya tafi gida tattaro bayanan karatunsa. Muka yi da ita mako guda. Makon bai cika ba aka kulle gari saboda cutar nan. Aka tare hanyoyi, jirage suka daina tashi, uban ya maƙale a can, likita kuma ya ce uwar ta kwanta kada ta ɗaga ko buta. Mako guda ya zama wata, wata ya haifi 'yan'uwansa.

Ita ce muguwar shekarar sana'ar nan. Ba mai kawo yaro, ba mai zuwa karɓa. Gero ya ƙare, na koma kunun shinkafa har Malam ya fara ganinsa a mafarki. Iyaye mata suka riƙa kirana a waya in koya musu yaye daga nesa, ni kuwa ban san yadda ake goya yaro ta waya ba. Yawancinsu suka haƙura, yara suka yi ta shan nono har suna sauka su je su ɗauko wa uwar matashi.

Halifa kuwa a ɗakina bakinsa ya buɗe, kuma ba wanda yake gani sai tsofaffi biyu. Abin da ya gani shi ya ɗauka. In zai zauna sai ya dafa gwiwa ya ce, "Wash, Allah." In zai tashi ya ce, "Ya Rabbi, bayana." Yana zagaya falo hannu a baya kamar Malam, yana gyaran murya kafin ya nemi biskit. Malam yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta daga falo, sai Halifa ya ɓullo ta bayansa ba wando, ya leƙa fuskokinsu ya ce, "Allah Ya shirye ku." Har ɗaliban suka riƙa tambaya in ba su gan shi ba.

Da aka sassauta kulle muka mai da shi gidansu a Bukit Jalil. Ya tarar da jaririya a kan cinyar uwarsa. Ya matsa, hannu a baya, ya leƙa ta da kyau, ya ce, "Allah Ya raya." Ya juya ya ɗauki takalmansa ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana. A ganinsa barka muka zo.

Da ƙyar ya zauna. Amma duk ƙarshen mako sai an kawo shi Cheras, in ba haka ba gidan ba mai barci. Aka sa shi makarantar yara, ya koyo yaren mutanen gari ya haɗa da Turanci da Hausar tsofaffi, ya koyo gaisuwarsu ta kama hannun babba a kai goshi. Yaro mai ladabi har abin ya yi yawa. In zan tafi daga gidansu sai ya ɓoye mini takalmi a cikin firiji. Ni dai ban ga laifin komai ba, har sai da Hajiya Yalwa ta zo.

Hajiya Yalwa ita ce mahaifiyar Baban Halifa, kakar gaske ke nan. Yaron sunan mijinta marigayi ya ci, shi ya sa ake ce masa Halifa, kuma tun da aka haife shi ba ta taɓa ɗora masa hannu ba. Ya kusa shekara biyar lokacin da aka samu ta zo. Gwiwarta ta riga ta ci ƙarfinta, da sanda take tafiya, ɗan nata ma ya ce mini a gefe, "Kaka, wannan zuwan da wuya a sake yin wani." Wata guda za ta yi. Ta zo da akwati guda na Halifa kaɗai, alkaki, ƙuli-ƙuli, da 'yar babbar riga mai aiki da hularta.

Ina wurin ranar da suka haɗu. Aka shigo da shi an yi masa wanka an shafe shi da mai. Ya je da ladabinsa ya kama hannunta ya kai goshi. Hajiya ta ƙare masa kallo, fuskarta cike da murna, ta buɗe baki ta ce, "Kai! Wannan ne maigidan nawa? Da wannan kai kamar ƙwaryar fura? Ina cefanena? Shekara da shekaru ko daddawa ba ka aiko ba. Ni na fasa, a mai da ni gidanmu."

Ku da kuka tashi a gida kun san wannan ita ce gaisuwar kaka da jika, kuma mai daɗin ke nan. Halifa bai sani ba. Ya ɗaga hannu ya shafa kansa ta gaba, ya shafa ta baya. Ya ruga ya shige bayan zanina ya ce, "Kaka, tak nak. Ba na so. Matar nan ba ta da tarbiyya."

Hajiya ta ce, "Wa yake ce wa Kaka?"

Rukayya ta yi ta kame-kame tana bayani. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah. An gode, Allah Ya saka. Sai dai aikin naki ya ɗan wuce inda aka ce ki tsaya."

Kwanaki suka yi ta tafiya. In Hajiya tana falo, Halifa yana cikin durowar kaya. In ta ce maigida, ya ce ba ya nan. Ta ba shi alkaki, ya kai wa mai gadin bene. Ita kuma ba ta san wata hanyar nuna so ba sai wadda ta sani, kullum sai ta ƙara wa kan nasa girma, daga ƙwarya ya koma tulu. Rannan sai ga Rukayya a ƙofata da hantsi, ba ta ko zauna ba ta ce, "Kaka, Hajiya ta daina cin abincin kirki. Jiya na ga ta ninke 'yar rigar nan ta mayar akwati. Ta ce wa Baban Halifa ya matso mata da ranar tafiya, wai gara ta koma inda ko awaki sun san ta."

Na ce, "Subhanallahi. To me za a yi?"

Ta ce, "Ki yaye shi."

Na ce, "Ai na yaye shi, ke shaida ce."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Daga ke, Kaka."

Na yaye yara daga nono, na yaye daga goyo, na yaye wata daga tsotsar yatsa, har wani saurayi ɗan jami'a uwarsa ta taɓa haɗa ni da shi ta waya in raba shi da barcin rana. Amma ban taɓa zama ni ce nonon ba. Na zauna na yi tunani irin na sana'a, na ce to, da ɗaci ake farawa.

Da Asabar ta zo aka kawo shi, na riga na yi gwaji a gaban Malam. Na haɗe gira na ce, "Fita mini daga ɗaki!" Malam ya ce, "Hajara, wannan ai kamar kina roƙon gishiri ne a maƙwabta. Ƙara ƙarfi." Na ƙara har na yi tari. Halifa na shigowa na ɗaure fuska na ce, "Kai, kada ka dame ni yau!" Ya tsaya ya dube ni. Ya matso ya ɗora bayan hannunsa a goshina. Ya je ya buɗe durowa ya ɗauko man zafi, ya zauna a ƙasa, ya ce "Wash, Allah," ya kama shafa mini a gwiwa yana cewa, "Sannu, Kaka. Girma ne." Na dama masa kunu ba sukari, har na ɗiga ruwan peria a ciki. Ya shanye ya ce, "Alhamdulillahi." Na manta da wanda nake yi.

Da ɗaci ya ƙi, sai na koma ga hanci. Na ninke zanin goyon nan na kai wa Hajiya, na ce ta ɗaura, in ya ji ƙamshin zai saki jiki. Hajiya mace ce ta leshi da gwal. Ta ɗaga zanin da yatsa biyu ta ce, "Wannan tsumman goge-goge zan ɗaura?" Na ce, "In an daure, Hajiya." Ta dubi ƙofar durowar da yaron yake ciki, ta miƙe da sandarta ta ɗaura shi a kan leshin. Halifa ya leƙo. Ya shinshina iska. Ya fito a hankali har muka fara murna. Sai ya wuce ta ya buɗe ƙofar waje, ya sauka, ya dawo da mai gadi yana nuna ta da yatsa, wai ga wadda ta saci zanin Kaka. Mai gadin, bawan Allah, ya yi ta ba Hajiya haƙuri da yaren da ba ta ji, ita kuma tana amsa masa da Hausa cewa ita ma ba da son ranta ta ɗaura ba.

Bayan kwana biyu Hajiya ta sa aka kawo ta Cheras a tasi ta dawo mini da zanina. Ta tarar ina ɓarar gyaɗa, ta zauna ta ja farantin gabanta ta kama taya ni. Can ta ce, "Wai ke ba kya tsokanarsa ne?"

Na ce, "Hajiya, kakar haya ba ta taɓa kan ɗan mutane. In na ce kan yaro kamar ƙwarya, gobe uwarsa za ta kai shi asibiti a ɗauki hoton kan."

Hajiya ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Ta ce, "To shi ya sa. Kin ba shi kunu, kin ba shi addu'a, kin mai da shi limami. Yaro bai taɓa ramawa ba. Mu da muna yara, kakarmu in ta ce mana masu kunnen jaki, sai mu ce mata mai bakin jaka, a tashi kowa ya ƙoshi."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. Ku 'yan mata ku riƙe wannan, don nan ne masu madarar gwangwani suke ɓata. Ba a raba yaro da abu a bar shi hannu wofi. Ranar da ka ɗauke nono sai ka ba shi abin da nono ba ya bayarwa, tsokar nama, ƙashin kaza, abin da zai ji ashe yana da haƙori. To ga abin da Hajiya take da shi wanda ni ba ni da shi. A duk faɗin duniya ita kaɗai ce babbar da aka halatta masa ya mayar wa magana.

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Ya zaro ido ya ce, "Tak boleh, Kaka, ba a yarda ba. Malamarmu ta hana."

Na ce, "Boleh. An yarda. Amma ita kaɗai."

"Ummi fa?"

"A'a."

"Malam?"

"Kada ka soma."

"Ke?"

"Ni ma ba a yarda ba."

Ya yi tunani ya ce, "'Yan sanda sun sani?"

Na ce sun sani. Na ɗaura wa matashi ɗankwali na jingine shi a kujera, na ce wannan ce Hajiya, in ta ce maka kan ƙwarya me za ka ce? Ya je ya nemi hannun matashin zai gaishe shi. Da ƙyar na samu ya ce "tsohuwa" a hankali, ya kuma bi da "yi haƙuri". Amma da bakin ya saba, sai abin ya fi ƙarfina. Muka shiga lif da wata tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Sin, ya kama hannunta ya kai goshi, ya ce mata da Hausa, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, ba ki iya tuwo ba." Ta ji daɗi ta ba shi lemo. Da yamma ya wuce Malam yana alwala ya ce, "Sannu, mai sanƙo." Malam ya shigo da ruwa a gemu ya ce, "Hajara, me kike koya wa ɗan mutane?" Na ce darasi ne, bai dai gane ajin ba tukuna.

Ranar da muka sa, bayan azahar muka isa gidansu. An riga an matso da tafiyar Hajiya, akwatunanta na jingine a bango. Tana zaune a kan darduma, ƙafar mai ciwo a miƙe, Baban Halifa da Rukayya na gefe. Halifa ya shiga riƙe da gefen zanina. Hajiya ta dube shi ta ce, muryarta ba ƙarfi kamar da, "Ga mai kan tulu ya zo. Yau ma hannu biyu, ba cefane?"

Ya ɗago ya dube ni. Ni kuma na ɗaga kai ina kallon fanka, kamar ban taɓa ganin fanka ba. Na ji hannun ya saki zanin. Ya taka har gabanta, ya kama hannunta ya kai goshi, don wannan ba ya iya bari. Ya mai da hannuwa baya, ya yi gyaran murya irin na Malam. Sai duk abin da muka haddace ya gudu. Can ya dubi sandarta ya ce, har da ɗan ƙarin "lah" irin na mutanen gari, "Ke ma... ke ma kina tafiya kamar agwagwa, lah."

Wannan ba ya cikin darasina. Uban ya ce, "Kai!" Rukayya ta toshe baki. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, an taɓa gwiwar, sana'a ta ƙare.

Hajiya ta ƙura masa ido. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ce, "Agwagwa? Ni? Mai sunan naka ma haka bakinsa yake, Allah Ya jiƙansa!" Ta fashe da dariya, tana yi tana dukan darduma, hawaye na zuba, har haƙoran robarta na sama suka suɓuce suka faɗo kan cinyarta.

Halifa ya daskare. Ya dubi haƙoran, ya dubi bakin. Ya durƙusa a hankali, ko wash bai ce ba. Ya ce, "Sake." Hajiya ta mayar, ta sake cirewa. Ya juyo gare ni ya ce, "Kaka Cheras, ke kina iya cire naki?"

Na ce, "A'a."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai yi karatu ba, ya juya ya hau cinyar Hajiya.

Har la'asar suna abu ɗaya. Ta ce masa mai kunnen faranti, ya ce mata mai bakin jariri. Ta ce ta fasa auren, ya ce shi ma, amma ta bar haƙoran. Aka buɗe akwati aka fito da 'yar babbar riga, hular ta ƙi shiga, Hajiya ta ce kun gani ko, ni na faɗa, shi kuma ya ce hular ce ba ta da tarbiyya. Ta ci tuwo malmala biyu. Ta ce wa ɗanta, "Kai, mai da mini ranar tafiyata inda take. In akwai ƙari ma a ƙara."

Da na tashi tafiya na nufi firiji don ɗauko takalmina, sai na gan su a bakin ƙofa inda na cire su. Na ce, "Halifa, zan tafi." Bai ɗago ba, yana ƙoƙarin leƙa bakin Hajiya. Ya ce, "To, Kaka, a gaida Malam."

Hajiya ta sauke shi, ta dogara sandarta ta rako ni har bakin lif, duk da na ce ta zauna. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajara, Allah Ya biya ki." Sannan ta dubi fuskata ta ce, "Zanin nan dai na mayar miki. Kin san amfaninsa."

Washegari da safe na dama kunun gyaɗa, na ga ya yi yawa, na zuba wa Malam kofi biyu. Na ɗauko tsohon zanin na ɗaure ƙirji tamau, na juye gyaɗa a babban faranti, na miƙa wa Malam wayata na ce ya ɓoye inda ba zan gani ba, ko na roƙe shi kada ya ba ni. Na zauna ina ɓara. Da hantsi ya ɗaga na ce, "Malam, kana ganin Rukayya za ta samu rariyar da za ta ara mini?"

Bai ko ɗago daga kofinsa ba ya ce, "Hajara, rariyarki uku."